Bartolomeyu na Braga da Yaron Makiyayi

An haifi Bartolomeyu a birnin Lisbon, cikin ƙasar Fotugal, a shekara ta 1514. Tun yana saurayi ya ba da kansa ga aikin Allah, ya zama malami mai zurfin karatu. A shekara ta 1559 aka naɗa shi babban bishop na Braga, ko da yake bai nemi wannan girma ba.

Ƙasar da aka danƙa masa tana da ikilisiyoyi fiye da dubu, da yawa kuwa ƙauyuka ne a bisa duwatsu. Mutanensu talakawa ne, manoma da makiyaya, suna zaune cikin ɗakunan dutse masu jinka. Waɗansu ƙauyuka sun yi shekaru ba su ga bishop ba, gama hanya tana da wuya. Amma Bartolomeyu ya hau alfadarinsa, ya bi su ɗaya ɗaya, har cikin duwatsun Barroso. Ya iske jama'a cikin duhun jahilci, saboda haka a shekara ta 1564 ya fitar da littafin koyarwar bangaskiya cikin harshensu, domin a riƙa karanta musu ran Lahadi.

An ba da labari, wata rana yana tafiya cikin ruwa da ɗari, sai ya hangi wani yaro tsaye a bisa dutse yana tsaron tumaki, ga kuwa kogo kusa da shi. Ya tambaye shi dalilin da ya hana shi fakewa. Yaron ya amsa, yana tsoron kada kyarkeci ya faɗa wa garken sa'ad da idonsa ba ya bisansu. Bartolomeyu ya shaida wa abokan tafiyarsa, wannan yaro ya koya masa aikinsa.

Bai manta ba kuwa. Sa'ad da annoba ta faɗa wa Braga a shekara ta 1570, bai gudu ba, ya zauna yana taimakon marasa lafiya. Ya rasu a Biyana a shekara ta 1590.

Ya kai mai karatu, kai ma an ba ka amana, ko gona, ko 'ya'ya, ko dabbobin maigidanka. Kada ka bar ta domin neman jin daɗin jikinka, ko da ba mai ganinka. Ubangiji Yesu, Makiyayi nagari, bai bar tumakinsa ba har mutuwa. Wanda ya bi shi, sai ya riƙe amana kamarsa.