Sista Mary Kenneth Keller (1913–1985): Malamar da Ta Buɗe wa Mata Ƙofar Ilimin Kwamfuta

A wannan fili na littafinmu na shekara mukan kawo tarihin bayin Allah waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, domin mu ga yadda suka yi aiki da baiwar da Ubangiji ya ba su. Bana mun zaɓi wata malamar makaranta 'yar ƙasar Amurka, Sista Mary Kenneth Keller ta ɗariƙar Katolika. Ita ce mace ta farko a ƙasar da ta sami digiri na uku, wato digirin dakta, a ilimin kwamfuta.

Akwai dalilin da ya sa muka zaɓe ta. Duk malamin da ya taɓa kai aji ɗakin kwamfuta ya san abin da ke faruwa da zarar an buɗe ƙofa. Yaran da suka saba da na'urar tun daga gida su ne ke rigan kowa kama kujera. 'Yan mata da yaran da suka fito daga ƙauye sai su tsaya a baya suna kallo, har a buga ƙararrawa hannunsu bai taɓa komai ba. Sista Keller ta ƙare shekara ashirin na ƙarshen rayuwarta tana jawo irin waɗannan na baya zuwa gaba.

Haihuwarta da kiranta

An haife ta ran 17 ga Disamba, 1913, a birnin Cleveland na jihar Ohio. Sunan da iyayenta suka raɗa mata Evelyn Marie. A shekara ta 1932, tana da shekara 18, ta amsa kiran Allah ta shiga ƙungiyar Sistoci Masu Aikin Ƙauna ta Budurwa Maryamu Mai Albarka. Bisa ga al'adar ƙungiyar a wancan zamani aka ba ta sabon suna, Mary Kenneth, kuma da shi duniya ta san ta. A 1940 ta ɗauki wa'adinta na zaman talauci da tsarki da biyayya.

Ƙungiyar da ta shiga ta malamai ce tun asali. Wata mata 'yar ƙasar Ailan, Mary Frances Clarke, ita da abokanta huɗu suka haye teku zuwa birnin Filadelfiya a 1833 domin su koyar da 'ya'yan baƙi talakawa, a nan ne kuma ƙungiyar ta kafu. A 1843 suka ƙaura zuwa garin Dubuque na jihar Iowa, a bakin kogin Misisipi, suka buɗe makarantar 'yan mata. Wannan makaranta ce ta girma ta zama Kwalejin Clarke, inda Sista Keller za ta yi babban aikinta bayan shekara ɗari da ashirin da 'yan kai.

Malama kuma ɗaliba

Sista ba ta zaɓa wa kanta wurin aiki. Inda shugabanni suka aike ta, nan take zuwa. Haka Sista Keller ta yi shekaru fiye da ashirin tana koyarwa a makarantun firamare da na sakandare. Amma alli bai hana ta littafi ba. Tana koyarwa tana karatu, har ta sami digiri na farko a fannin lissafi a Jami'ar DePaul da ke birnin Shikago a 1943, lokacin tana gab da cika shekara 30. A farkon shekarun 1950 ta ƙara da digiri na biyu a lissafi da kimiyyar fiziks a wannan jami'a. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Ita kam ta daɗe, ta kuwa je.

Ya kamata ɗalibanmu su san irin kwamfutar da ake da ita a wancan lokaci. Wadda ake kira ENIAC, da aka nuna wa jama'a a Jami'ar Pennsylvania a 1946, nauyinta ya kai kusan tan 30, ta kuma cika babban ɗaki. Mata shida ne suka fara tsara mata umarnin aiki, amma an yi shekaru da yawa kafin a riƙa ambaton sunayensu. Har cikin shekarun 1960 kwamfuta kaya ce mai tsadar gaske, sai gwamnati da manyan kamfanoni da manyan jami'o'i. Mai son ya ba ta aiki sai ya huda kati, kowane layin umarni da katinsa. Ya tara katunan ya miƙa wa ma'aikacin ɗakin, ya koma ya jira sa'o'i, wani lokaci har washegari. In ya yi kuskuren harafi ɗaya, sai ya gyara ya sake bin layi.

Tana cikin aikin koyarwa Sista Keller ta halarci wani kwas na malamai a Kwalejin Dartmouth, inda ta sami damar aiki da kwamfuta. A lokacin kwalejin ta maza ce zalla, sai a 1972 ta fara ɗaukar mata a matsayin cikakkun ɗalibai. A wannan kwaleji ce malamai biyu, John Kemeny da Thomas Kurtz, suka fito da harshen kwamfuta mai suna BASIC a 1964. Nufinsu shi ne ɗalibin da ba masanin lissafi ba ma ya iya rubuta wa kwamfuta umarni da kalmomi masu sauƙi. Wannan nufi ya zo daidai da zuciyar Sista Keller, daga baya kuma ta zama ɗaya daga cikin malaman da suka yi amfani da BASIC sosai wajen koyarwa.

Digirin dakta

Ilimin kwamfuta sabon fanni ne a lokacin. Sashen farko mai wannan suna a jami'o'in Amurka an buɗe shi ne a Jami'ar Purdue a 1962. Sista Keller ta tafi Jami'ar Wisconsin da ke garin Madison, ta yi bincike a ƙarƙashin Farfesa Preston Hammer. Abin da ta bincika shi ne yadda za a sa kwamfuta ta duba misalai ta gano ƙa'idar da ke bayansu, kamar yadda yaro yake gane doka bayan malami ya yi masa misali uku ko huɗu a allo. Da harshen FORTRAN ta rubuta umarnin. Wannan tambaya tata tana cikin tushen abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira a yau.

Ran 7 ga Yuni, 1965, aka ba ta digirin, tana da shekara 51. A wannan rana kuma wani mutum mai suna Irving Tang ya karɓi nasa a Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis. Su biyun nan su ne ake lissafawa a matsayin daktocin farko na ilimin kwamfuta a Amurka. Ashe tun ranar farko da aka fara ba da wannan digiri a ƙasar akwai mace a ciki, macen ma sista ce mai lulluɓi wadda ta tsufa a aikin aji.

Aikinta a Kwalejin Clarke

Mai irin wannan takarda a 1965 ba zai rasa babban wurin aiki ba. Sista Keller kuwa Dubuque ta tafi, ƙaramar kwalejin ƙungiyarta, wadda mata kaɗai take ɗauka a lokacin. A wannan shekara ta kafa sashen ilimin kwamfuta, ta kuma shugabance shi kusan shekara 20. Yana cikin sassan farko irinsa da aka buɗe a ƙananan kwalejojin ƙasar.

Abu na farko da ta yi shi ne neman kayan aiki, gama ba a koyon tuƙi sai da mota. Hukumar da ke tallafa wa binciken kimiyya ta gwamnatin Amurka ta ba ta dala 25,000 domin sayen kayan koyarwa. Da haka 'yan matan Clarke suka sami abin da za su sa wa hannu a cikin makarantarsu, ba sai sun je roƙon wuri a jami'ar da maza suka cika ba.

Abu na biyu, ta lura da abin da ke hana mata zuwa aji. Waɗansu matan aure ne masu goyo, ba su da mai riƙe musu yaro. Sai ta ƙarfafa su su zo aji da jariransu. A ido wannan ƙaramin abu ne, amma ga uwar da take tsakanin barin karatu da barin ɗanta, shi ne ya raba gardama.

Abu na uku, ta gane malami ɗaya da aka koya wa ya fi ɗalibi ɗaya, domin shi zai kai ilimin ga ɗaruruwa. Saboda haka ta buɗe karatun digiri na biyu a kan yadda ake amfani da kwamfuta wajen koyarwa. Ta kuma sa hannu wajen kafa ƙungiyar ASCUE, wadda ta haɗa ƙananan makarantu masu amfani da kwamfuta domin su riƙa taimakon juna da shawara. Ra'ayinta shi ne kwamfuta za ta sa ilimi ya isa ga mutanen da a da ba ya isa gare su, don haka bai kamata a bar ta a hannun 'yan kaɗan ba.

Kwalejin Clarke ta fara ɗaukar maza a 1979. Sista Keller ta huta daga wahalarta ran 10 ga Janairu, 1985, tana da shekara 71. Makarantar, wadda ta zama Jami'ar Clarke a 2010, ta sa sunanta a cibiyarta ta kwamfuta, ta kuma kafa tallafin karatu domin tunawa da ita.

Abin da ya biyo bayanta

Da za mu so mu ce daga nan komai ya tafi daidai, amma ba haka aka yi ba. A wajen 1984, kusan kashi 37 cikin ɗari na masu karɓar digiri na farko a ilimin kwamfuta a Amurka mata ne. Daga nan adadin ya yi ta raguwa, har ya sauko wajen kashi 18 a 2010. Ɗaya daga cikin dalilan da masu bincike suka kawo shi ne, da ƙananan kwamfutoci suka shiga gidaje a shekarun 1980, an fi tallata su a matsayin abin wasan yara maza, iyaye kuma suka fi saya wa 'ya'yansu maza. Da aka haɗu a jami'a sai mazan suka zo da sabo, matan kuma suka ɗauka su ne ba su da kai, alhali kuwa dama ce ba su samu ba.

Jami'ar Carnegie Mellon ta gwada maganin abin. Ta daina fifita mai tsohon sabo da kwamfuta wajen ɗaukar ɗalibai, ta buɗe azuzuwan farko daidai da matakin kowa, ta kuma horar da malaman sakandare. Mata cikin sababbin ɗaliban sashen suka tashi daga kashi 7 cikin ɗari a 1995 zuwa kashi 42 a 2000. In muka duba da kyau, hanyar Sista Keller ce aka sake bi: a fara da ɗalibi daga inda yake, a kawar da abin da ke tare masa hanya, a kuma shirya malamai.

Abin koyi gare mu

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB ta shiga jami'a a Nijeriya. Yarinyar da ta yi shekara shida tana kallo daga bayan aji za ta shiga ɗakin jarrabawa hannunta na rawa, ko da ita ce ke zuwa ta ɗaya a lissafi.

Saboda haka muna roƙon malamanmu su riƙa raba lokacin zama gaban na'ura bi da bi, da suna, kada a bar shi ga mai ƙarfin gudu. Wanda bai taɓa ganin kwamfuta ba kafin ya zo nan, a fara da shi daga kunnawa da kashewa, ba tare da an bar 'yan'uwansa su yi masa dariya ba. Ɗaliban da suka iya, ku tuna wani ne ya ba ku dama. Ku matsa ku ba na kusa da ku wuri, ku nuna masa. Iyaye da dattawan ikilisiya da zumuntar mata, in za a tura yaro koyon kwamfuta lokacin hutu, a tura 'yar'uwarsa tare da shi. Matan aure kuma da suke ganin lokaci ya wuce musu, su tuna da shekara 51 na Sista Keller.

Ku kuma 'yan matanmu, ku tuna da misalin talanti da Ubangijinmu Yesu ya bayar. Bawan da aka tsauta wa shi ne wanda tsoro ya sa ya binne abin da aka damƙa masa. Ranar da aka buɗe ɗakin kwamfuta a zango mai zuwa, ku shiga ku zauna a gaba, ku yi tambaya, ku yi kuskure ku gyara.

Muna gode wa Allah saboda rayuwar baiwarsa Mary Kenneth Keller. Ubangiji ya tayar mana da irinta daga cikin ɗaliban wannan makaranta. Amin.