Tarihin Arthur Ashe, Gwanin Tanis na Amurka

Ga labarin wani mutum wanda ya shiga wasan da aka hana danginsa, har ya fi masu hanin.

Shi tanis wasa ne da mutum biyu ke jifan juna da ƙaramar ƙwallo ta bisa raga, kowa riƙe da abin bugu mai kama da rariya. An haifi Arthur Ashe a birnin Richmond na Amurka cikin 1943, zamanin da doka ta raba baƙaƙe da Turawa a makaranta da wurin wasa. Uwarsa ta rasu yana da shekara 6. Ubansa mai tsaron wani filin wasa ne na baƙaƙe, can yaron ya fara koyo, kana wani likita, Robert Johnson, ya karɓe shi. Wannan likita ya hore shi da kada ya yi gardama da alƙalin wasa, in kuwa ƙwallo ta faɗi wurin shakka, to ya bar wa abokin karawa. A ganinmu, wannan ladabi shi ne jarinsa na fari.

Cikin 1968 ya ci babbar gasar Amurka yana hafsan soja. Da yake bai shiga sahun masu wasa don kuɗi ba, ladan dala 14,000 sai aka miƙa wa wanda ya kayar. Ya ci ta Ostareliya cikin 1970.

Amma ranar da aka fi tunawa ita ce ta Wimbildon a Ingila, cikin 1975. Ya kara da Jimmy Connors, saurayi mai shekara 22, mai ƙarfin bugu, shi kuwa yana da 31, jama'a duk sun ɗauka an gama da shi. Ashe ya lura ƙarfi ba zai fisshe shi ba, sai ya dinga aika masa ƙwallo a tausashe, ƙasa-ƙasa, nesa da hannunsa, har saurayin ya rasa abin duka. Har yau babu wani namiji baƙar fata da ya sake cin wannan kambi.

Ya sha zuwa Afirka. A Yawunde ya ga yaro Yannick Noah cikin 1971, ya sa aka kai shi Faransa, yaron nan kuwa ya ci gasar Faransa cikin 1983. Yana cikin wasa a Ikko, kwanaki kaɗan bayan kashe Janar Murtala a Fabrairun 1976, sojoji suka shigo fili da bindigogi suka kore su. Gwamnatin Afirka ta Kudu ta yi ta hana shi shiga saboda launinsa, sai cikin 1973 ta bari.

Ciwon zuciya ya sa ya bar wasa cikin 1980. Wajen aikin likita na biyu, cikin 1983, aka ƙara masa jini mai ɗauke da cutar ƙanjamau. Ya ɓoye al'amarin domin ƙaramar 'yarsa, har wata jarida ta sami labari, ya fito ya bayyana da bakinsa cikin 1992. Sauran watanninsa ya ƙare su wajen faɗakar da mutane kan cutar. Ya mutu a New York ran 6 ga Fabrairu, 1993, yana da shekara 49.

Tammat.