Muhammadu al-Katsinawi da Ƙa'idar Hatimi

Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi malami ne daga ƙasar Katsina wanda ya shahara a ilmin hisabi da taurari a ƙarni na 18. Cikin malamansa akwai Muhammadu al-Wali na Bagarmi da Muhammadu Bindu. Bayan ya sauke farali a Makka, sai ya zauna a Alƙahira. Daga cikin littattafansa akwai Durrul Manzum kan taurari da ɗalasimai, da Bahjatul Afaƙ kan haruffa da aufaƙi, wato zanen da Hausawa ke kira hatimi.

Aikinsa a kan hatimi mai gidaje mara ya ginu ne bisa ƙa'idar zaɓe. A hatimi mai gida tara, ana iya jera lambobi 1 zuwa 9 ta hanyoyi 362,880. Da zarar an gindaya sharaɗin cewa kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, ya ba da 15, sai takwas kacal su rage, kuma takwas ɗin siffa ɗaya ce da ake juyawa. Dole biyar ta zauna a tsakiya. Al-Katsinawi ya bayyana matakan cika gidajen bi da bi, ta yadda ɗalibi zai dira kan jeri ingantacce ba tare da lalube ba.

Irin wannan matsala tana gaban masu binciken asalin halittar sararin samaniya a yau. Lissafin Wheeler da DeWitt na 1967 yana karɓar amsoshi barkatai, shi ya sa Hartle da Hawking suka kawo sharaɗin zaɓe a 1983. Sai dai sharaɗin hatimi a fili yake, nasu kuwa har yanzu ana jayayya a kansa.

Al-Katsinawi ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, wanda ya bar wa littattafansa. Ɗan wannan malami, Abdurrahman al-Jabarti, shi ya adana tarihinsa.

Gadonsa ma yana fuskantar zaɓe. Mai neman lissafi tsantsa kan watsar da ɗalasimai, mai ƙyamar tsibbu kan watsar da littafin baki ɗaya. A wurin marubucin kuwa, ilmi ɗaya ne, kuma duk wanda ya raba su ba zai fahimci abin da malaman Katsina ke kira hisabi ba. Allah Ya jiƙansa.