Tarihin Sir John Murray, Magabacin Ilimin Teku (1841–1914)

Gabatarwa

Ruwan da ya sauka a ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, Gulbin Zamfara ke kwashe shi ya miƙa wa Gulbin Kebbi, shi kuma ya zuba a Kwara, har ya dangana da Tekun Atlantika. Ashe ke nan duk nisanmu da teku, ba a rasa zumunci tsakaninmu da shi ba. Wannan maƙala za ta kawo tarihin mutumin da ake lissafawa cikin waɗanda suka aza harsashin ilimin teku da halittun cikinsa.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi John Murray ranar 3 ga Maris, 1841, a garin Cobourg na ƙasar Kanada, iyayensa kuwa 'yan asalin Sikotilan ne. Yana saurayi ya koma Sikotilan wurin kakansa, daga baya ya shiga Jami'ar Edinbara don koyon aikin likita. Sai dai bai tsaya ya karɓi digiri ba, domin duk darasin da ya ba shi sha'awa shi yake bi. A shekarar 1868 ya shiga wani jirgin mafarautan kifin wel a matsayin likita, ya yi wata bakwai a tekun arewa mai ƙanƙara, yana tara halittu yana rubuta abin da ya gani.

Tafiyar Jirgin Challenger

A wancan zamani masana da yawa sun ɗauka babu mai rai a can ƙarƙashin teku, saboda duhu da sanyi da nauyin ruwa. Don a binciki wannan da wasu al'amura, gwamnatin Ingila ta ba da jirgin yaƙi mai suna Challenger, aka sauke mafi yawan bindigoginsa aka mai da gurabensu ɗakunan bincike. Jirgin ya tashi cikin Disamba 1872, Charles Wyville Thomson ne shugaban masana, Murray kuwa ɗaya daga cikin mataimakansa.

Kafin su komo cikin Mayu 1876, sun yi tafiyar fiye da kilomita 127,000, sun tsaya bincike a wurare 362. A kowane wuri sukan zura igiya mai ɗaure da nauyi su auna zurfi, su auna sanyin ruwa, su kuma yaso laka da halittu daga ƙasa. A 1875, a yammacin Tekun Fasifik, igiyarsu ta nuna zurfin mita 8,184. Sun zo da fiye da irin halitta 4,000 waɗanda masana ba su san da su ba, camfin nan na cewa zurfi ba ya da mai rai kuwa ya faɗi.

Rabon Murray a wannan aiki shi ne laka, abin da kowa ke rainawa. Ya gano cewa yawancin shimfiɗar teku ɓawon wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne, waɗanda ke rayuwa a saman ruwa, in sun mutu su nutse su taru. Ya kuma lura cewa a wurare mafiya zurfi ɓawon mai alli yakan narke kafin ya taru, sai a tarar da jan yumɓu da haƙoran kifin shak. Wannan bayani ya shafe mu, domin farin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi a Sakkwato, ragowar halittun wani teku ne da ya taɓa rufe yankin tun kafin ɗan Adam.

Shekarun Rubutu

Tafiya ta ci shekara uku da rabi, amma rubuta sakamakonta ya ci shekara 19. Da Thomson ya mutu a 1882, nauyin ya koma kan Murray. Ya rarraba halittun ga masana na ƙasashe daban-daban, yana bibiya yana gyara, ga kuma Baitulmalin Ingila na ƙorafin tsawon lokaci da yawan kuɗi. Bai karaya ba sai da rahoton ya cika juzu'i 50 a 1895. A ganina nan girmansa yake, domin ilimin da ba a rubuta ba, da mai shi ake binne shi.

Binciken nasa ya kuma kawo masa dukiya. Daga wani guntun dutse da aka aiko masa ya gane akwai fosfat, wato ma'adinin takin zamani, a Tsibirin Kirsimeti na Tekun Indiya. Ingila ta mallake tsibirin a 1888, Murray ya shiga kamfanin haƙar, ya riƙa zuba ribar a harkar bincike. Ya juya ga ruwayen gida, inda shi da abokan aikinsa suka auna zurfin tafkuna 562 na Sikotilan, aka buga sakamakon a 1910. A shekarar ce kuma ya ɗauki nauyin wata tafiyar bincike a Atlantika tare da Johan Hjort, mutumin Norwe. Ya mutu a haɗarin mota kusa da Edinbara ranar 16 ga Maris, 1914.

Kammalawa

Darasin rayuwar Murray shi ne, abin da ya kwanta a ƙarƙashin ruwa yana ba da labarin abin da aka zuba a cikinsa. Mutanen Anka da Bukkuyum sun ga haka da idonsu a 2010, lokacin da gubar dalma daga sarrafa zinariya ta gurɓata ƙasa da kududdufai, yara ɗaruruwa suka rasu. Don haka auna gulabenmu da tafkunanmu, da rubuta sunayen kifayensu daga bakin masunta, aiki ne da ke jiran ɗalibai, har da na sashen Hausa.