Mamman Shata: mawaƙin da masoyansa suka riƙe wa gado

An haifi Alhaji Mamman Shata a shekarar 1923 a garin Musawa, cikin jihar Katsina ta Najeriya. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ya zama mawaƙi ba, domin a ganinsa waƙa roƙo ce. Shata ya fara da tallar goro da alewa, yana rera waƙa don jan masu saye, har waƙar ta rinjayi tallar. Daga baya ya yi zama a Bakori, kafin ya kafa gida a Funtuwa.

Abin da ya bambanta shi da sauran mawaƙa shi ne bai dogara da rubutu ba. Makaɗan kalangu su ɗauki kiɗa, ƴan amshi su riƙe amshi, shi kuma ya ƙirƙiro baitoci nan take, gwargwadon wurin da mutanen da ke gabansa. Shi ya sa Bakandamiya, waƙar da yake wasa kansa a ciki, take da siga iri-iri: yadda ya rera ta a wannan taro daban, a wancan daban. Ya waƙe sarakuna, attajirai, direbobi da manoma. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa.

Wannan baiwa ita ce kuma ta sa gadonsa cikin haɗari, domin waƙar da ba a naɗa ba ta tafi ke nan. Abin da ya tsira, gidajen rediyo, kamfanonin faifai da masoya masu rikoda ne suka ceto shi. Kaset ya bi ƴan kasuwa da direbobi ya ƙetara iyaka, daga Maraɗi da Damagaram har Diffa. Haka ta faru a Amurka da ƙungiyar Grateful Dead, wadda ta bar masoyanta suna naɗar wasanninta suna musaya.

Shata ya rasu a Kano ranar 18 ga Yunin 1999, aka binne shi a Daura. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa. Amma zafi da ƙura suna cin zaren kaset, masu rikoda kuma sun tsufa. Duk mai tsohon kaset ɗin Shata a akwati, ya hanzarta juye shi a waya ko kwamfuta, mai yiwuwa babu irinsa a hannun kowa.