Malam Muhammadu Alkashinawi, Gwanin Hisabi

A zamanin da, tun ba a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba, birnin Katsina ya yi suna ƙwarai wajen ciniki da karatu. Ayarin raƙuma su kan keto hamada su shigo da gishiri da tufafi da takarda, su koma da fatu da sauran kayan ƙasar Hausa. Inda fatake suka yawaita kuwa ba a rasa malamai. A nan Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina suka yi zamaninsu, har yau kuma hasumiyar Gobarau tana nan tsaye a cikin birnin.

Bayan waɗannan waliyyai aka yi wani malami Bafilatani a ƙasar Katsina, sunansa Muhammadu, sunan ubansa ma Muhammadu. Larabawa su kan kira Katsina Kashina, sabo da haka a littattafansu a ke ce masa Alkashinawi, watau Bakatsine.

Malam Muhammadu ya yi karatu wurin manyan malamai. Daga cikinsu akwai Shehu Muhammadu Alwali, mutumin Bagarmi, wata ƙasa da ke cikin Cadi ta yanzu. Akwai kuma Shehu Muhammadu Bindu, wanda ya koya masa hisabi da sanin lokuta. Ya san nahawu, ya san manɗiƙi, ya san tafiyar taurari. Amma abin da ya fi fid da sunansa shi ne ilmin hatimi.

Hatimi wani zane ne mai kusurwa huɗu, an tsaga shi gida gida kamar gurbin dara, an sa lamba a ko wane gida. Malamai su kan rubuta shi a allo ko a cikin laya, sau da yawa kuma da haruffa su ke rubutawa maimakon lambobi, gama a wurinsu alif ɗaya ne, ba biyu, jim uku, dal huɗu, har zuwa gaba. Waɗansu malamai suna aiki da shi wajen neman tsari, waɗansu kuwa suna ƙyamar wannan aiki, suna hana almajiransu. Amma lissafin da ke cikin hatimi ba wanda ya ke gardama a kansa, don ko yaro ya iya gwadawa ya gani. Ga mafi ƙanƙantarsu, mai gida tara:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

In an tara ko wane jeri daga hagu zuwa dama, 15 za a samu. In an tara daga sama zuwa ƙasa, 15 ne. In an bi ta gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa, nan ma 15. Dalilin 15 ɗin ba wuya. Lambobin nan daga 1 zuwa 9 jimlarsu 45, in aka raba wa jeri uku daidai, ko wane ya tashi da 15.

Mai gida tara dai mutum ya iya haddace shi. To, mai gida 25 fa, ko 49, ko 81? Wanda ya ce zai cika irin waɗannan da ka, yana sa lamba yana sharewa, sai ya kwana ya yini bai gama ba. Nan ne a ke bukatar ƙa'ida, nan ne kuma gwanintar Malam Muhammadu ta ke.

Wajen shekara ta 1730 ya yi aikin hajji. Tafiya Makka a lokacin nan ba ƙaramin al'amari ba ce. Da ƙafa a ke yi, ko bisa jaki da raƙumi, ga ƙishirwa, ga 'yan fashi, ga ciwo. Mahajjaci ya kan yi ban kwana da danginsa kamar wanda ba zai dawo ba, da yawa kuwa ba su dawowa. Malam Muhammadu na cikin waɗanda ba su sake ganin gida ba. Da ya sauke farali ya ziyarci Madina, sai ya zauna a Alƙahira, babban birnin Masar, kusa da masallacin Azhar, inda almajirai ke taruwa daga ko'ina cikin ƙasashen Musulmi.

A shekara ta 1732 ya rubuta littafinsa na hatimi da Larabci, mai suna Bahjatul Afaƙi. A ciki ya bayyana hanyoyin cika hatimin da yawan gidajen gefensa mara ne, watau 3, ko 5, ko 7, da irinsu. Wata hanya daga ciki ta fi daɗin koyo. A kan kira ta tsallen doki, don a wasan darar mutanen Gabas akwai wani ɗa mai siffar doki da ke yin irin wannan tsalle.

A zana hatimi mai gida biyar a ko wane gefe. A sa 1 a kusurwar sama ta hannun dama. Daga nan a matsa gida ɗaya hagu, a sauka gida biyu, a sa 2. A sake matsawa ɗaya hagu, a sauka biyu, a sa 3. Yanzu an kai gindin hatimi, ba sauran wurin sauka. Sai a ɗauka kamar an naɗe takardar, gindinta ya haɗu da kanta, a ci gaba da ƙirga daga jerin sama, a sa 4. Haka kuma in an fita ta hagu, sai a shigo ta dama. In an sa lamba biyar, tsalle na gaba zai faɗa gidan da ya riga ya cika. Sabo da haka bayan 5, da 10, da 15, da 20, ba a yin tsallen doki, sai a matsa gida biyu hagu cikin jerin nan, a sa lamba ta gaba, sa'an nan a koma ga tsalle. Ga abin da za a samu:

13 25 7 19 1
17 4 11 23 10
21 8 20 2 14
5 12 24 6 18
9 16 3 15 22

Ko ta ina aka tara, 65 ne, gama jimlar 1 zuwa 25 ita ce 325, an raba biyar. Ɗan makaranta a Kutemeshi ya iya zana wannan a ƙasa da tsinke, ya gama kafin tuwo ya huce, wanda bai san ƙa'idar ba kuwa ya yi ta mamaki.

Akwai wani abu a ɓoye cikin tsallen nan wanda ya kamata a lura da shi. A ɗiga tawada a tsakiyar gidan 1, da na 2, da na 3, sa'an nan a aza rula. Za a ga ɗigon uku sun hau layi ɗaya miƙaƙƙe, ba wanda ya kauce. Da za a shimfiɗa wani hatimi a ƙarƙashin na fari, a ci gaba da tsalle ba tare da naɗewa ba, da 4 da 5 ma sun hau layin nan. Abin da ya sa haka, takin bai sake ba: kullum ɗaya a kwance, biyu a tsaye. A gwada 7 da 8 da 9 kuma. Su ma suna kan layi miƙaƙƙe, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da na fari, ba su haɗuwa.

Wannan shi ne tushen wani darasi da a ke koyarwa a makarantun boko, na zana layi bisa takarda mai gida gida. Shi wannan darasi daga Turai ya zo, ya yaɗu bayan littafin da wani Bafaranshe mai suna Dekart ya buga a shekara ta 1637. A kan ja layi biyu, ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, su gamu a sifiri, a jera lambobi a jikin ko wane. Misali, a ce na kwance yana nuna yawan kaji, na tsaye yana nuna yawan ƙafafunsu. Kaza 1, ƙafa 2: a tafi gida ɗaya dama, a hau biyu, a yi ɗigo. Kaji 2, ƙafa 4: a tafi biyu, a hau huɗu, a yi ɗigo. Kaji 3, ƙafa 6. Da an aza rula sai a ga layi ya miƙe tun daga sifiri. Masu lissafi su kan kira lambar kwance x, ta tsaye y, su rubuta ƙa'idar a taƙaice haka: y = 2x. Daga ko wane ɗigo zuwa na gaba, ɗaya ne a kwance, biyu a tsaye. Tsallen dokin nan ne dai, sai dai wancan yana gangarawa, wannan yana hawa. In kuwa aka ce y = 2x + 1, ɗigogin za su faɗa a 1, da 3, da 5, da 7, a sami wani layi yana bin na fari a gefe, kamar yadda 7 da 8 da 9 suka bi 1 da 2 da 3. Ɗigo biyu sun isa a ja layi, amma mai hankali ya kan nemi na uku, don in ya kauce a san an yi kuskure a lissafi.

Malam Muhammadu bai ɗauki ilmin hatimi abin wasa ba. Ya gargaɗi almajirai su yi aikinsa a keɓe, kada su baza shi ga kowa da kowa, gama a ganinsa akwai asirin Ubangiji cikin haruffa. Ya kuma hore su da naci, kada wuya ta sa su fid da rai. Ban da wannan littafi ya rubuta wani babba a kan taurari mai suna Addurrul Manzum, da wani a kan nahawu, da wani a kan manɗiƙi.

A Alƙahira ya yi abota da wani babban malami, Shehu Hasan Aljabarti, wanda shi ma masanin taurari ne. Duk da girmansa, Shehu Hasan ya zauna gaban baƙon nan daga ƙasar Hausa ya ɗauki ilmin hatimi. A gidansa ne Allah ya yi wa Malam Muhammadu rasuwa a shekara ta 1741, watau 1154 ta Hijira. Kafin ya cika ya sa Shehu Hasan wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Shehu Hasan ya yi masa sutura, ya rufe shi a maƙabartar da a ke kira Lambun Malamai, ya yi gini bisa kabarin, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa.

Fiye da shekara goma bayan haka aka haifa wa Shehu Hasan ɗa, aka sa masa suna Abdurrahman. Shi ne ya zama shahararren marubucin tarihin Masar. Bai taɓa ganin Malam Muhammadu ba, amma da ya zo jera manyan malaman da suka rasu a ƙasar, ya sa shi a ciki, ya ambaci malamansa da littattafansa. Wani kwafi na rubutunsa a kan hatimi ya kai har wata makaranta ta Jami'ar Landan. A shekara ta 1973 kuma wata malamar lissafi ta Amurka, Claudia Zaslavsky, ta buga littafi a kan ƙidayar mutanen Afirka, ta kawo hanyoyinsa a ciki, har da ta tsallen dokin nan.