Al-Kindi

Abu Yusuf Yaƙub ɗan Is'haƙ al-Kindi (an haife shi wajajen shekarar 801, ya rasu wajajen 873) malami ne Balarabe da ya rayu a Bagadaza a zamanin daular Abbasiyawa. An fi saninsa da laƙabin Mafalsafin Larabawa. Ya yi rubutu a kan falsafa, lissafi, likitanci, taurari da kiɗa. A tarihin sana'ar turare kuwa, ana tunawa da shi ne saboda littafin Kimiya'ul Iɗri wat-Tas'idat, ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan Larabci da suka rubuta haɗin turare da awo, yadda wani zai iya maimaita aikin ya kuma gwada abin da ya samu.

Asali da karatu

An haifi al-Kindi a Kufa, a ƙasar Iraƙi ta yau. Mahaifinsa ya yi gwamnan garin a zamanin halifofi al-Mahdi da Haruna Rashid. Danginsa 'yan ƙabilar Kinda ne, kuma nasabarsa tana komawa ga al-Ash'as ɗan Ƙais, wanda ya yi zamani da Manzon Allah (SAW). Bayan karatun farko ya koma Bagadaza, inda ya samu shiga fadar halifa al-Ma'amun (813 zuwa 833). A can ya jagoranci wasu masu fassara littattafan Girkawa zuwa Larabci, yana duba aikinsu yana gyarawa. Halifa al-Mu'utasim (833 zuwa 842) ya ɗora masa karantar da ɗansa Ahmad. Littafin al-Fihrist na Ibn Nadim, wanda aka rubuta a ƙarni na 10, ya lissafa masa rubuce-rubuce sama da 200, amma mafi yawansu sun ɓace.

Littafin haɗa turare

A Bagadaza ta wancan lokaci turare babbar haja ce, kuma kayan haɗinsa daga nesa suke zuwa. Almiski daga jikin wata barewa ake samunsa a duwatsun Tibet da Sin. Ambar daga cikin wani babban kifin teku yake fita, a tsince shi a gaɓa. Kafur da itacen udu daga Indiya da tsibiran gabashinta fatake suke kawo su. Nisan hanya ya sa kayan suka yi tsada ƙwarai, tsadar kuma ta buɗe ƙofar algus.

Littafin yana ɗauke da haɗi 107. Yawanci yakan faɗi kayan da za a nema, da nauyinsu a ma'aunin zamanin kamar miskali da dirhami, sannan ya bi aikin daki-daki: daka, tankaɗe, jiƙa, dafawa da ajiyewa. Akwai haɗin mayukan ƙanshi, da na galiya, wato turaren manya da ake yi da almiski da ambar a cikin man ban. Ana matso wannan mai daga 'ya'yan wata bishiya 'yar uwar zogale, kuma an zaɓe shi ne saboda ba ya saurin lalacewa, ba shi kuma da wari mai ƙarfi da zai danne ƙanshin.

Wani sashe na littafin ya yi bayanin yadda ake tatso ruwan ƙanshi da tururi, musamman ruwan wardi. Ana zuba furanni a tukunya mai dogon wuya, a kifa mata murfi mai hanci da Larabawa ke kira anbiƙ. In zafi ya taso, tururi ya hau ya taru a murfin, ya huce ya koma ruwa, ya ɗiga cikin kwalba. Domin kada furen ya ƙone ƙanshin ya ɓaci, akan ɗora tukunyar a kan ruwan zafi maimakon a kan wuta kai tsaye.

Batun jabu

Abin da ya fi jawo magana a littafin shi ne haɗe-haɗen da ke koya yadda ake kwaikwayon almiski, ambar, kafur da za'afaran, ko a ƙara musu yawa da kaya masu araha. Wannan ilimi kaifi biyu gare shi. Mai son cutar mai saye zai amfana da shi, haka ma mai son gane jabu, domin wanda bai san abin da ake cakuɗawa ba ba zai san abin da zai bincika ba. Littattafan hisba da suka zo daga baya, kamar na al-Shaizari a ƙarni na 12, sun ware babi a kan algus ɗin masu sayar da turare da yadda jami'in kasuwa zai gano shi. Wasu masana suna shakkar ko dukkan littafin daga alƙalamin al-Kindi ya fito. Bajamushe Karl Garbers ya buga shi tare da fassarar Jamusanci a Leipzig a shekarar 1948.

Al-Kindi bai yarda da masu da'awar mayar da tagulla ko dalma zinariya ba, har ya yi rubutu yana bayyana yaudararsu. Daga baya likitan nan Abubakar al-Razi ya rubuta masa raddi.

Awo a haɗin magani

Damuwarsa da awo ta fito fili a wani littafinsa na likitanci, inda ya nemi lissafa ƙarfin maganin da aka haɗa daga abubuwa da yawa. Ya ce darajojin zafi da sanyi na magani suna hawa ne ta hanyar ninki: 2, 4, 8, 16. Gerard na Cremona ya fassara littafin zuwa Latin a ƙarni na 12, likitocin Turai suka yi ta nazarinsa, ko da yake Ibn Rushd ya soki lissafin. Da irin wannan tunani ne ya ƙirga yawan maimaituwar haruffan Larabci, ya nuna yadda za a warware rubutun sirri da ƙirgen.

Ƙarshen rayuwa

A zamanin halifa al-Mutawakkil (847 zuwa 861) al-Kindi ya rasa matsayinsa a fada. Masu tarihi sun ruwaito cewa 'ya'yan Musa ɗan Shakir, waɗanda su ma malamai ne, suka kai sukarsa, aka ƙwace ɗakin karatunsa, daga baya aka mayar masa. Ya rasu a Bagadaza. Daga makarantarsa aka samu malamai irin su al-Sarakhsi da Abu Zaid al-Balkhi.

Tasiri

Sunayen kayan da ya yi aiki da su sun shigo Hausa daga Larabci: almiski, ambar, kafur, za'afaran da wardi. Har yau ana jin su a bakin masu sayar da turare a Kasuwar Kurmi ta Kano da masu haɗa humra da turaren wuta. A ɗakunan gwaje-gwaje na zamani na'ura ce ke rarrabe sinadaran turare, kuma tun 1888, da Albert Baur ya samar da almiskin sinadari, kwaikwayon ƙanshi ya zama sana'ar fili. Sai dai ƙa'idar aikin tana nan yadda take a littafin: a rubuta haɗi da awonsa, a bi shi daidai, a gwada abin da ya fito da na asali.